Zaren Noti da Jiragen Yaƙin Duniya na Biyu

Na haura shekara ashirin ina riƙe da ƙaramin shagon sassaƙa ƙarfe a Kano, kuma babu abin da nake yawan yi wa yarana faɗa a kansa kamar awo. Kwanan baya wani mai injin niƙa ya kawo mana tsohon injin Lister da notinsa ya karye, sai yarona ya ɗauko wanda ido ya nuna masa daidai ne, ya ɗaure da ƙarfin tsiya har zaren, wato layukan murɗin da noti ke bi, ya lashe. Zaren injin irin na Ingila ne da ake kira Whitworth, mai kusurwar digiri 55, notin da ya cusa kuwa mai digiri 60 ne.

Wannan ɗan bambanci ya taɓa wahalar da manyan ƙasashe. A 1940 aka damƙa wa kamfanin Packard na Amurka aikin ƙera injin Merlin na Rolls-Royce, wanda ke ɗaga jiragen yaƙin Birtaniya na Hurricane da Spitfire, kuma dole ta sa ya riƙa yin notuna masu zaren Ingila, domin makanikin da ke filin daga ba shi da lokacin tambayar inda aka ƙera inji kafin ya ɗora sufana. Da kamfanin Ford ya karɓi irin wannan aiki a Manchester, sai da ya sake zana injin baki ɗaya da matsattsen awo, ta yadda kowane yanki zai shige gurbinsa ba tare da gwani ya goge shi da hannu ba. Ni da na san wahalar goga da magagari, na fi kowa ganin darajar wannan.

Mu ma abin ya ratsa ta ƙofarmu. Daga Satumbar 1940 ana sauke jirage cikin akwatuna a Takoradi da ke Ghana ta yau, a harhaɗa su, su biyo ta Legas da Kano da Maiduguri har zuwa Masar, kuma duk abin da ya lalace a hanya sai dai a musanya shi da na ajiya, wanda wani maƙeri ya auna a wata duniya. Sai a ƙarshen 1948 Amurka da Birtaniya da Kanada suka amince da zare iri ɗaya.

Shi kuwa Lister ɗin, sai da muka faɗaɗa ramin muka yanka masa sabon zare, na kuma hana yaron taɓa noti kafin ya gwada shi da ma'auni.