'Yan kunne masu lilo a tsohuwar kasuwar Istanbul

Sarin abaya da kayan yara ne ya kai ni Istanbul. Da muka gama da Laleli, unguwar 'yan sari, aka ɗaure kaya, sai Yaya ta ce mu taka zuwa babbar kasuwar nan mai rufi, Kapalicarshi, tunda ba nisa. Mun yi sa'a ba Lahadi ba ce, don ranar a rufe take.

Layin 'yan gwal bai ɗaga min hankali ba, wanda ya ga na Dubai ya gan shi. Can tsakiyar kasuwar ne na tsaya cak, a wani sashe da ake kira Cevahir Bedesten, wanda aka gina tun zamanin Sarkin Turkawa Muhammadu na Biyu, jim kaɗan bayan ya ci birnin a 1453. Tsofaffin kaya ake sayarwa a nan. A shagon wani dattijo na hango 'yan kunne masu lilo: ƙananan lu'ulu'u uku a jere, sannan jan dutse kamar ɗigon ruwa yana reto a ƙasa.

Kafin in tambayi kuɗi har shayi ya iso. Ya ce in zauna. Da ɗan Larabcinsa da nawa muka fahimci juna. Na ce ya ɗora a sikeli, ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, wannan ba a sayar da shi da giram." Gwal ɗin ma ƙaramin karat ne, fuskar kuma azurfa ce, don maƙeran lokacin a kan azurfa suke dasa lu'ulu'u saboda farinsa ya fito. Bayan duwatsun a rufe yake, da wani siririn ƙarfe mai ƙyalli a ciki, kuma idan ruwa ya shiga sai dutsen ya dushe. Nan take na tuna alwala, sai dai mace ta riƙa cirewa tana mayarwa.

Gaskiyar mutumin ce ta fi burge ni. Ya miƙo min ɗan madubin dubawa, ya ce tsufan kaya ba ya nufin dutsen na ƙasa ne, domin tun 1902 wani Bafaranshe mai suna Verneuil ya bayyana yadda ake haɗa yakutu, wato irin wannan jan dutsen, da wuta, kuma maƙera sun yi ta aiki da shi. Ya nuna min wani ɗan kunnen mai irin wannan dutse, kuɗinsa bai kai rabi ba. Ɗan kasuwa nawa ne zai faɗa miki aibin kayansa kina riƙe da jaka? Ya kuma ce kayan ado da yawa sun shigo birnin a 1920 a hannun Rashawan da suka gudo bayan juyin juya hali, suka sayar don su ci abinci.

Raina ya sosu. Mu a gida da zarar yayi ya wuce sai a kai gwal ɗin lefe kasuwa a auna a narke, ba mai kallon aikin hannun da ke jiki. 'Yan kunnen kakata haka suka tafi.

Kuɗin da ya kira zai saya min sarƙa da awarwaro a Kano. Na taya, ya ƙi, na ƙara, ya ƙi. Yaya tana ta zungura ta. Sannan ya gargaɗe ni cewa dokar Turkiyya ta hana fita da kayan tarihi, tsofaffin kaya irin waɗannan ma sai da takardar gidan adana kayan tarihi. Na haƙura, shi kuma bai ɓata fuska ba, har ƙofa ya rako mu.

Mai tasin da ya mayar da mu masauki ya ƙi kunna mita, ya caje mu ninki. Washegari muka yi Azahar a masallacin Suleimaniyya, muka biya kuɗin kargo, da daddare muka kama hanyar filin jirgi.