Kuɗin fankar sama bai ƙare a kasuwa ba

Zafin Afrilu ya kai ni Sabon Gari na sayo fankar sama, ina ganin shi ke nan. Mai gyaran wuta na ɗaga kai ya ce, "Maigida, silin ɗinka POP ne, wato na filasta, ba zai ɗauki nauyinta ba. Sai an fasa, an ɗaura ƙarfe a katakon rufi." Ga waya, ga makunni, ga ladan mai toshe ramin, duka suka kusa rabin kuɗin fankar. Masu gini, don Allah ku sa a kafa ƙugiyar rataye fanka kafin a rufe silin. Sauƙin fankar ɗaya, wat 75 kawai take ci, ko NEPA ta ɗauke wuta, ƙaramar sola na juya ta.