Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Gonar Bakin Kanal

Masu tambayata dalilin da ya sa ba na sauka a gidan Baffa idan na je Kura, yau za ku ji.

Mu asalinmu marina ne. Na taso na ga Baba yana fita karofi tun da asuba, hannayensa sun rine har gwiwa, ko wankan Sallah ba ya fitar da baban rinin nan. A mabuga kuwa ƙarar bugu ba ta yankewa, ana zuba shuni ana dukan turkuɗi har ya ɗauki ƙyalli. Buzaye tun daga Agadas suke nemansa. Rawanin da ake kira ɗan Kura sunan garinmu ya ci, kuma ko a gaban wa zan faɗi haka da alfahari.

Sai ga ruwan Tiga. A zamanin Audu Bako aka gina dam ɗin, aka gama a 1974, bayan farin 1973 ya ƙone mana gero da dawa. Da aka jawo kanal ta Kadawa, mutanen da ba su san noman rani ba sai na fadama da jigo suka koma alkama da tumatir da shinkafa. Gonar gandunmu ta faɗo daidai bakin ruwa. Baba ya tsaya a kan kunya ya ce mini, "Gonar da ba ka taka ba, ba taka ba ce." Kullum sai ya faɗa, har Inna ta kan ce, "Malam, ai ya ji."

Na ji, amma aikin masaƙa ya riƙe ni a Kano. Albashin nan da shi aka aurar da ƙannena biyu, wannan Baffa bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ba a yi arba'in ba Yaya, babban ɗan Baffa, ya ba da gonar. Na zo na durƙusa na ce, "Baffa, da izinin wa?" Ya ce, "Jingina ce kawai, ɗana. Kai da kake birni, wa zai nome ta?" Maganar Baba ce suka juya suka doke ni da ita.

Ko a 2016, da tsutsa ta cinye tumatir har kasuwar Kwanar Gafan ta zama fayau, na aika a gaya wa mai riƙe da gonar in biya shi kuɗinsa. Ya ce shi saye ya yi, da shaidu. A ranar na san ba jingina ba ce.

Yanzu Kura ko'ina injin casa ne da mata masu turara shinkafa, motoci na lodi a bakin titin Zariya. Ina murna da arzikin garinmu. Amma kowace shigata sai na bi ta kanal na leƙa gonar nan, sannan na wuce gidan Gwaggo na ajiye jakata. Ita kaɗai ta buɗe baki a wancan zaman da na durƙusa gaban Baffa, kuma abin da ta faɗa wa Baffa sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.