Godiya ga masu hannu a aikin motar tserenmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin duk 'yan garejinmu, muna godiya ga Allah da ya sa aka yi tseren ranar Asabar aka tashi lafiya, muna kuma godiya ga jama'ar da suka yi ta kira suna tambayar jikin direbanmu. Lafiyarsa ƙalau. Motar ta kife a kwanar ƙarshe ta zagaye na uku, ta tsaya a kan rufinta, shi kuwa ya kwance bel ya fito da ƙafarsa. Bayan kiyayewar Allah, aikin wasu bayin Allah ne ya tsaya masa. Da yake da yawa sun ce suna son haɗa irin wannan mota, za mu yi godiyar tare da faɗin abin da kowa ya yi.

Motar BMW E36 ce, 325i mai ƙofa huɗu, ƙirar 1994, giyar hannu, injin M50 mai silinda shida, lita 2.5. An zaɓe ta ne don ƙafar baya ke ja, ta yi araha saboda tsufa, kuma kayanta ba sa wuya a Kofar Ruwa. Mun gode wa dillalin da ya bari aka ɗora ta a rami kafin a biya kuɗi. Mai sayen tsohuwar 'yar Beljiyam don tsere ya manta da fenti da kujeru, duk cire su za a yi. Ya leƙa ƙasanta ya duba tsatsa, musamman wurin kafa jak da ƙasan but, domin gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe ta ciki.

Yaran gareji, Allah ya yi muku albarka. Su suka fitar da kujeru, kafet, rufin ciki da na'urar sanyaya mota, suka kankare baƙin kwaltar da ke manne a daɓen motar, suka goge da kalanzir har ƙarfe ya fito fes.

Babbar godiyarmu ga Baba mai walda. Ranar da aka kai masa bututun ruwa don ya haɗa kejin kariya, wato ƙarafan da ake haɗawa a cikin mota don su kare direba in ta kife, ko taɓa shi bai yi ba, ya ce a mayar. Gaskiyarsa. Bututun ruwa yana da ɗinki a tsawonsa, in nauyin mota ya faɗo masa ta nan yake tsagewa, ga kuma farin rufin jikinsa da ke ɓata walda yana fitar da hayaƙi mai cutarwa. Abin da dokar hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta tanada shi ne bututun ƙarfe marar ɗinki: babban baka na bayan direba ya kai faɗin milimita 45 da kaurin 2.5, ko 50 da kaurin 2, sauran sassan kuma 38 da 2.5, ko 40 da 2. Gane marar ɗinki ba wuya, a haska tocila a cikinsa, a zura yatsa. In an ji layi ya taso, a ajiye. Sai da aka yi sati biyu ana zagaye kafin a samu wanda ya isa.

Babban bakan guda ɗaya ne, ba haɗi, kuma da injin lanƙwasa aka tanƙwara shi a sanyi. Masu gasa bututu da wutar gas su lanƙwasa suna kashe ƙarfin ƙarfen ne daidai inda aka fi buƙatarsa. Kowace ƙafar kejin ta zauna a kan faranti mai kaurin milimita 3, faɗinsa bai gaza santimita 10 da 12 ba, domin daɓen mota siriri ne, in babu faranti ƙafar huda shi za ta yi ta wuce. Wurin da kusan kowa ke ha'inci shi ne saman haɗin da ke manne da rufi, inda hannu ba ya shiga. Baba ya huda daɓen, ya sauke kejin ƙasa, ya zagaye kowane haɗi da walda, sannan ya ɗaga shi ya toshe hujin da farantan. Bai yarda ya yi aikin da wutar gari mai rauni ba, janareta babba aka ɗauko haya, don walda da ƙaramar wuta a sama kawai take kwanciya ba ta ratsa ƙarfe. Bayan hatsarin mun bi haɗin ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya buɗe.

Shi ne kuma ya ɗaure kujerar da notuna masu lambar ƙarfi 8.8, ya bar tazarar santimita 5 tsakanin hular kwano da bututu. Bel ɗin kafaɗa a jikin bututun da ke bayan kujera aka ɗaure shi, kusan daidai da tsayin kafaɗa. Wanda ya ɗaure shi can ƙasa a daɓe, ranar karo bel ɗin danne ƙashin bayan direba zai yi.

Ogan fanel bita, mun gode. E36 tana da lalurar da aka san ta da ita: wurin da aksul ɗin baya ke ɗaure da bodi yana tsagewa, haka ma mazaunin shakazoba na baya. Ya sauke tankin mai gaba ɗaya kafin a kunna walda, ya liƙa farantan ƙarfafawa, ya kuma yi wa ƙasan injin garkuwa saboda duwatsun burji.

Bakaniken injinmu bai ƙara wa motar doki ko ɗaya ba, kuma shawararsa ce daidai. Injin da ya haura shekara 30 lafiya yake nema. Ya canza famfon ruwa mai farfelar roba da mai ta ƙarfe, ya sa sabon lagireto domin wuyan robar tsohon ya bushe, ya canza tiyo duka. Bai cire tamostat ba kamar yadda aka saba a garin nan. Sabo ya sa, ya fitar da iskar da ke cikin ruwan a hankali. Kan injin nan na alminiyom ne, zafi ɗaya ya ishe shi ya lanƙwashe. Ya buɗe kaskon baƙin mai ya ɗaure notin famfon mai da waya, domin notin nan yakan kwance in injin ya sha wuta, kuma da ya faɗi shi ke nan, injin ya tafi. Baƙin mai lita 6.5, sabuwar matatar iska saboda ƙura, man birki DOT 4 daga sabon gwangwani. Tsohon man birki yana shan ruwa, ya yi zafi ya tafasa, a taka birki a ji shi kamar soso. Ya kuma ce kada tanki ya sauka ƙasa da rabi, don a doguwar kwanar dama man yakan gudu gefe ɗaya injin ya riƙa shaƙewa.

Mai wayarin ya ɗaure batir da ƙarfe a but, ya rufe kan wutarsa, ya sa makashin wuta guda biyu, na ciki da na waje. Na wajen ne ma'aikacin fili ya ja da motar ta kife, injin ya mutu nan take. Ga masu haɗawa: in makashin bai yanke wutar altaneta ba, za a kashe batir injin ya ci gaba da aiki.

Mai facinmu kuwa haƙuri za mu ba shi tare da godiya. Ya ce kada iskar taya ta gaza 30, mu muka rage ta zuwa 20 don ta kama ƙasa. Tayar titi ce mai laushin gefe, a kwana ta zame daga rim, rim ya caki ƙasa, mota ta juya. Laifin namu ne.

Muna godiya ga Alhaji mai filin, da masu tankar ruwan da suka kwantar da ƙura, da ma'aikatan lafiya da suka iso cikin gaggawa, da matasan da suka tsare 'yan kallo bayan igiya, da iyayenmu mata da suka aiko da abinci. Wanda muka manta ya yafe mana. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara buɗi, ya bar zumunci.

Bel da hular da aka yi hatsarin da su mun yanka mun zubar, kada wani ya tsinta ya yi amfani da su. Rufin motar ya lotsa, don haka muna cigiyar kangon E36 mai ƙofa huɗu marar tsatsa. Waɗanda suka ba mu aron jak da sifanu kuma, kayanku suna gareji, a zo a karɓa bayan la'asar.