Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ruwa ba ya manta hanyarsa

Makon jiya na yi alkawarin shiga zancen auren Gwaggo Ƙarama, amma ruwan da aka kwana ana yi ya dawo mini da maganar Baffa, Allah ya jiƙansa. Duk sanda aka nuna masa sabon gini a kwari, abin da yake faɗa ɗaya ne: ruwa ba ya manta hanyarsa. Shekarun da na yi ina aikin safiyo a Kano ban ga abin da ya ƙaryata shi ba.

Kano kasuwa ce ta gina ta, kuma kullum kasuwa tana gaba, taswira tana biye. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, kafin a ankara gyaɗa ta zama kuɗi, aka kafa Sabon Gari a 1913, Turawa suka keɓe kansu a Nassarawa. Dalar gyaɗa irin ta su Alhassan Ɗantata ita ta jawo 'yan ci-rani, su kuwa dole su sami wurin kwana. Lokacin da farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka rushe dalar, masana'antun Bompai da Sharaɗa sun riga sun karɓi mutanen.

Ba wai ba a yi tsari ba. Akwai shirin tsara birnin Kano da ake kira shirin Trevallion, na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda ya ware wurin masana'antu da na zama da manyan hanyoyi. Shiri ne mai kyau, har gobe ina faɗa. Illarsa ita ce gari ya zarce iyakar da aka zana masa tun wa'adin bai cika ba, kuma da ya cika aka daɗe babu magajinsa a ƙasa.

Sai dokar mallakar ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa filayen birni a hannun gwamna. A nan awon igiya, wato yanka gona fuloti-fuloti da igiya ba tare da tsarin hukuma ba, ya samu gindin zama. Manomin bakin gari ya gane cewa in aka karɓi gonarsa, diyyar amfanin gona da bishiyoyi da gini kawai za a ba shi, ban da ƙasar. To me zai jira? Sai ya kira dillali da mai unguwa a yanka.

Ga lissafin, don yaran yanzu su gane. Eka ɗaya murabba'in ƙafa 43,560 ce. Fuloti mai ƙafa 50 da 75 yana cin 3,750. In an bi ƙa'ida, an fitar da titi mai faɗin ƙafa 30 zuwa 40 da lambatu hagu da dama, fuloti 8 za a samu, wani lokaci ma 7. Mai igiya kuwa 10 yake so. Wannan biyun da ya ƙara daga jikin hanya ya yanko su, sai a tashi da lungu mai ƙafa 12 ko 14. Kowane maigida ya fito da dakali da ramin masai waje, lungun ya koma ƙafa 8. Motar kashe gobara ba ta shiga, ta kwashe shara ba ta shiga, makara ma sai an karkata ta a kwana. Filin makaranta da maƙabarta kuwa ba a ma kawo zancensu.

Wanda ya san aiki ba ya fara kafa turke sai ya auna gangara. A gano inda ruwa yake taruwa da inda yake fita, a bar masa wannan layin ko da ya ratsa tsakiyar fuloti mafi tsada. Lambatu yana son ya riƙa sauka aƙalla inci 6 a kowace ƙafa 100, in ba haka ba yashi ya kwanta, leda ta toshe, ruwa ya tsaya ya yi baƙi. Kuma daga ƙasa ake faro gininsa, daga mafita a hauro. Sau nawa aka gina lambatu mai kyau a ƙofar wani mai hali, ƙarshensa ya tuƙe a katangar talaka?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kududdufai. Ramuka ne da kakanninmu suka haƙa suka ɗebi ƙasar gini, suka zama ma'ajiyar ruwan damina kafin ya gangara rafin Jakara. Aka riƙa cike su da shara ana sayarwa. Shara ba ta ɗaukar gini: tana ruɓewa, ƙasa ta zauna, bango ya tsage daga kusurwar taga, danshi ya hau har filasta ta riƙa zuba kamar gari. Ruwan da kududdufin yake riƙewa kuma bai fasa zuwa ba, sai dai ya shiga ɗakunan maƙwabta. Wanda ya ga damunar 1988, shekarar da madatsar Bagauda ta ɓalle, ya san yadda gidajen ƙasa suka riƙa zubewa cikin dare. Baffa bai kai wannan shekarar ba, amma maganarsa ce a bakin kowa na gidanmu.

Na tsallake shekarun da masaƙu suka rufe bayan tsuke bakin aljihu na 1986, Kantin Kwari ya cika da atamfar waje. Wannan zance ne mai zaman kansa. Gadojin sama na baya-bayan nan ma ban raina su ba, sun rage cunkoso a Ƙofar Nassarawa. Sai dai mutumin Kurna ko Ɗorayi da ruwa ya kwana a tsakar gidansa, ba gada ce ta dame shi ba. Faɗaɗa lungu ɗaya a yau yana nufin rushe gaban gidaje a jere da biyan diyyar kowanne, alhali ranar da aka ja igiyar, fuloti biyu kacal za a bari a kowace eka.

Zancen auren Gwaggo Ƙarama sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.