Tambaya ta Tara

Ranar awo na kai ɗalibai mata shida masu karantar ilimin halayyar ɗan Adam wani ƙaramin asibiti a karkarar Ringim, su tantance ciwon damuwa tsakanin masu juna biyu. PHQ-9, wato jerin tambayoyin auna ciwon damuwa, muka zuba a KoboCollect, manhajar cike fom a waya: tambayoyi 9, kowacce maki 0 zuwa 3, jimla 27, duk a kan makonni biyun da suka wuce. Wadda ta kai 10 sai a haɗa ta da ma'aikaciyar lafiya.

Ɗaliban sun so aiki da waya, kuma suna da hujja. Ko babu sabis ana cike fom, a tura da yamma in an hau titi, ga shi ba ta kuskuren lissafi.

Matsalar ita ce sun yarda da jimla fiye da kima. Wata baiwar Allah ta tashi da maki 6, ɗaliba ta ga bai kai 10 ba, ta sallame ta. Sai da dare ina duba amsoshi na ga tambaya ta tara, wadda ke neman jin ko mutum na ganin gara ya mutu ko ya illata kansa, maki 2 ne a wurin. Laifina ne, jimla kaɗai na sa fom ɗin ya kula da ita. A daren na ƙara sharaɗi: duk amsar da ta haura 0 a nan, gargaɗi ya fito, fom ya ƙi gaba sai an rubuta ma'aikaciyar da aka sanar. Washegari aka nemo matar ta lambar katin awonta, don ba ma sa suna a waya.

Riƙon wayar ma sai da muka gyara. In aka ɗaga ta saitin fuska, mata na zaton hoto ake ɗauka, sai su ja mayafi, komai aka tambaya "lafiya lau". Yanzu a kan cinya ake ajiye ta, a nuna allon, a ce, "Yaya, ba hoto ba ne, rubutu ne." Uwar miji kuma a ba ta benci a waje, cikin ladabi.

Cikin amsoshin da ake zaɓa wa kowace tambaya, zaɓin "fiye da rabin kwanakin" bai shiga kunnen kowa ba. Wake 14 muka zube a faranti, mace ta ware kwanakin da barci ya ƙi ko tunani ya yi yawa. Ta ware 8, maki 2 ke nan.