Na je Beljiyam da hotuna masu kala, na dawo da wayoyin auna zafi

Yau kwana huɗu da dawowata, jakar ma ban gama kwancewa ba, amma mutane sun dame ni da "ya Turai, ya sanyi", to bari kawai in rubuta a nan kowa ya karanta in huta.

Kwas ne na mako guda ya kai ni, kan yadda ake lissafa gudun iska da ruwa da tafiyar zafi a kwamfuta, abin da mu ƴan injiniya muke kira CFD, a cibiyar von Karman da ke wani ƙauye mai suna Rhode-Saint-Genèse kudu da Brussels. Ni aikina kan akwatin busar da tumatur da zafin rana ne, don duk wanda ya bi ta Kwanar Gafan lokacin kaka ya san yadda ake shanya shi a ƙasa ƙura na zuba a kai. Shekara biyu ina fama da akwatin nan a laftof ɗina, na tara hotuna ja da shuɗi da kore masu kyau, har a raina ina cewa Turawa za su sha mamaki.

Hanya babu wani labari sai a inda muka yada zango, wani jami'i ya riƙe fasfo ɗina ya juya shi gaba ya juya shi baya, ya ce me zan je yi, na ce kwas kan gudun iska, ya kalle ni sama da ƙasa ya ce iska kuma? Ya sa na tsaya gefe kusan minti arba'in kamar wanda ya saci akuya, daga baya ya cillo min fasfon ko uffan bai ce ba. Allah Ya shirya shi.

A Brussels wani Alhaji mutumin Maraɗi ne ya tare ni, ɗan uwan wani abokina, ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Yana ganin rigar sanyin da na sayo a Kantin Kwari ya fashe da dariya ya ce "Malam wannan ai ta hunturun Kano ce, nan Janairu ne," ya cire tasa ya ba ni kuma har na taho bai karɓa ba. Na ce zan kama otal ya ce wallahi ban isa ba, ga ɗakin yara nan sun tafi lakwal kullum da safe ba wanda zai dame ni. Hajiya ta yi tuwon semo da miyar kuka a daren, na ci har na ji kunya.

Kullum da duku-duku nake kama jirgin ƙasa daga tashar Midi, ƙarfe takwas na safe amma duhu kamar asuba. Ƙauyen ma abin kallo ne, suna biyu gare shi, na Faransanci da na yaren Flemish, ranar farko na ga an rubuta Sint-Genesius-Rode na zaci na wuce tasha. Cibiyar tana bakin wani babban daji a kan hanyar Waterloo, wato can inda aka ci Napoleon da yaƙi a 1815. An kafa ta a 1956, sunan Theodore von Karman aka sa mata, mutumin Hungary ɗin nan da duk ɗalibin fanninmu ya san shi saboda jerin guguwoyin da iska ke saki a bayan sanda in ta buge ta, ɗaya dama ɗaya hagu, shi ne abin da ke sa wayar lantarki kuka lokacin iskar hunturu. Na sha koyar da wannan a allo amma ban taɓa gani da idona ba sai da suka sako hayaƙi a cikin bututun gwajin iska, kai, na tsaya baki buɗe kamar ɗan ƙauye.

Sun zaga da mu ɗakunan gwaji, akwai wata na'ura Plasmatron mai ƙarfin kilowat 1200 da suke gasa kayan da ake lulluɓe kumbon sararin samaniya da su don kar ya ƙone in zai dawo duniya. Ni dai abin da ya faɗo min a rai shi ne wutar da take ci ta ishi unguwarmu gaba ɗaya har da masu walda.

Amma abin da ya fi tsaya min shi ne ranar Laraba. Bayan lacca na samu wani dattijon malami a wajen shan shayi na buɗe masa laftof, na ce Farfesa ga aikina. Ya kalli hotunan ya ce suna da kyau, sannan ya ce "akwati nawa ka yanka ragar taka?" Ga wanda bai sani ba, kwamfuta ba ta iya warware lissafin Navier-Stokes, wato lissafin motsin iska da ruwa, kai tsaye, lissafin da Navier ya fara a 1822 Stokes ya kammala a 1845, wanda har yau akwai dala miliyan ɗaya da aka ajiye tun 2000 ga duk wanda ya warware wata tambaya a kansa. Abin da ake yi shi ne a yanka wurin da iskar ke bi zuwa ƴan ƙananan akwatuna kamar ragar kamun kifi, a lissafa abin da ya shiga kowanne da abin da ya fita, a yi ta maimaitawa har lambobin su daina motsi. Na ce masa dubu arba'in. Ya ce da ka ninka ta me ya canza? Na yi shiru, don ban taɓa ninkawa ba, ai wannan ɗin ma kwana yake yi yana gudu in NEPA ta yi mutunci.

Ya ja kujera ya zauna, mutumin da ya haife ni a shekaru, ya sa muka zuƙo hoton kusa da farantin ƙarfen da rana ke dukawa. Nan ne fa duk zafin yake shiga iska, a wani siririn sashe da bai wuce kaurin ɗan yatsa ba, ni kuwa akwatuna biyu kacal na sa a wurin. Ya ce kamar ka auna zazzaɓin jariri da ma'aunin buhun masara ne. Sannan ya gano na zaɓi samfurin k-epsilon wanda aka yi don iska mai hargitsi sosai, alhali iskar akwatina a hankali take tashi saboda zafi kawai ba fanka, ko lambar Rayleigh da ke nuna ƙarfin tashin iska saboda zafi ban lissafa ba balle in san ko hargitsin ya fara. Kuma na ce wa kwamfuta bangon katakon ba ya yoyon zafi ko kaɗan, abin da ko kafintan da ya haɗa shi ba zai yarda ba. Shi ya sa take ba ni digiri 70 ni kuma in na sa ma'auni a ainihin akwatin ina ganin 52, da ina ɗora laifin a kan ma'aunin wai ɗan China ne.

Ban ji daɗi ba a lokacin gaskiya, zufa nake yi cikin wannan sanyin. Amma ya ba ni damar shiga kwamfutarsu a daren, muka sake aikin da OpenFOAM, wani shirin kwamfuta na CFD wanda kyauta ne tun 2004, ba irin wanda kuɗin lasisinsa ya fi albashina na shekara ba, muka matse ragar a jikin farantin muka ninka ta sau biyu, kafin in gama sallar isha'i ta gama abin da laftof ɗina zai yi sati yana nishi a kai. Da safe lambar ta sauko kusa da abin da ma'aunina ɗan China yake faɗa tun farko. Ya yi dariya ya ce in nemi gafarar ma'aunin. Ranar Juma'a ya miƙo min wata leda da wayoyin auna zafi da ake kira tamokopul guda shida a ciki, ya ce in jera su daga ƙasan akwatin zuwa sama in auna kowace awa, in ban aiko masa da lambobin ba kar in sake turo masa hoto.

Farashi kuwa sai dai a yi shiru. Bayan gida a tasha sai ka biya, ruwan roba ƙarami kuɗinsa zai cika maka jarka goma a gida, na daina canza yuro zuwa naira a kaina don hawan jini. Kuma mutanen ba sa gaisuwa a jirgi, kowa ya sunkuya kan waya, na yi wa wani sallama da kai ya matsa jakarsa. Amma fa in ka tambayi hanya sai mutum ya raka ka har kwana, wannan ban san yadda zan fassara shi ba. Inda na samu sauƙi kasuwar Lahadi ta tashar Midi, Larabawan Maroko ne suka cika ta, ihu da ciniki kamar Sabon Gari, Alhaji ya ce mu jira dab da tashi lokacin suke karya farashi, na samu lemo kwali guda da takalman yara biyu a kuɗin da ban zata ba, muka sha shayi da wainarsu mai zuma a tsaye.

Grand-Place, babban dandalin Brussels, na je na yi hoto. Mutum-mutumin yaron nan mai fitsari da ake ta zuzutawa bai wuce tsayin gwiwar babban mutum da yawa ba, na tsaya minti biyu na wuce. Waterloo ban samu zuwa ba.

Dawowa lafiya, sai dai jakata ta kwana a hanya. Jiya na kunna sabon lissafin da ragar da muka gyara, ya kai rabi aka ɗauke wuta. Gobe in sha Allahu zan je wajen kafinta ya huda min ramuka shida a jikin akwatin.